Ƙarin Kuɗin Mai na Mata Goma Sha Huɗu

Saura kaɗan in bar wannan labari a cikina. Mai shi tana nan da ranta, kujerarta ce ta uku daga tawa a rumfar ɓarar kawa, abin nan mai ɓawo da ake cirowa daga teku, kuma mace ce da ba ta son a kira sunanta ko a wurin rabon kofi. Sau biyu na tambaye ta. Na farko ta juya ta ci gaba da ɓara. Na biyu ta ce, "Rubuta, amma kada ki mai da Inna muguwa."

Sunanta Lua. Shekararta bakwai a garin Tongyeong na bakin teku tun da aure ya kawo ta daga Vietnam. Mijinta Jaeman yana kan jirgin kamun kifi da kan yi wata biyu bai taɓo ƙasa ba, saboda haka su uku ne a gidan: ita, da surukarta Inna, wadda gari ke kira 'Yar Hadong, da 'yarta Yerin mai shekara biyar. Kullum da sassafe ita da surukar sukan sa takalman roba su gangara rumfa, su zauna gaban tulin kawa, su yi ta ɓare ɓawo da 'yar wuƙa suna jefa naman a roba. Da yamma a auna, a biya kowa gwargwadon nauyin abin da ta ɓare.

Mata goma sha huɗu na rumfar sun shekara uku suna zubin adashin yawo. Sun ce sun gaji da shiga mota zuwa kallon furanni. Bana jirgin ruwa suke so, irin mai hawa goma sha biyu, kwana biyar daga Busan zuwa Japan, da zarar an rufe kakar kawa a watan Mayu. Lua ce ƙaramarsu, kuma ita kaɗai ta iya latsa waya ba tare da ta kira jika ba, don haka aka ɗora mata komai. Ita ta je ofishin tafiye-tafiye wurin Manaja Pyo, ita ta sa hannu, ita ta tattara fasfo goma sha huɗu ta zuba a gwangwanin biskit. Har nata fasfon, wanda ya shekara bakwai a akwatin surukarta, ranar ya dawo hannunta.

Ranar da aka gama biya, uwar adashi Iya Bongnye ta buga wuƙarta a tebur ta ce, "Maman Yerin, ɗaga murya kowa ya ji. An biya?"

"An biya, Iya."

"Ba ƙari?"

"Babu. Manaja Pyo ya ce ko won ɗaya."

Iya Bongnye ba don wasa ta tambaya ba. Shekara goma da suka wuce an yi wata uwar adashi a garin da ta riƙa cewa a kawo ƙarin kaza, a kawo ƙarin kaza, wata safiya aka tarar da gidanta a kulle. Tun daga lokacin kalmar ƙari ta zama abin da ba a furtawa a rumfar. 'Yar Hadong kuwa ranar har wuyanta ya ƙara tsawo. Ta dubi sauran ta ce, "Tawa surukar ba ta da baki, amma ba ta kuskure."

Saƙon ya shigo ne wata Talata a watan Maris, ana tsakiyar cin abincin rana. Gwaggo Malsun, wadda bakinta ba ya hutawa, tana nuna musu irin rawar da za ta yi wa matuƙin jirgi, cokali a hannu.

"Ke da gwiwarki ke ƙara kamar ƙofar kanti?" in ji wata.

"Ki bar ni da gwiwata. Shi matuƙin ai fuska zai kalla."

"Wayyo matuƙi, ya shiga uku!"

Ana cikin dariyar Lua ta buɗe wayarta. Ta bi rubutun da yatsa, kalma bayan kalma, yadda ta saba. Saboda tashin farashin mai, kamfanin jirgi ya ƙara won dubu casa'in a kan kowane mutum. A biya kafin Juma'a ta sama, in ba haka ba a sayar da ɗakunan ga wasu. Ta sake karantawa ko za ta ga ta yi kuskure. Ba ta yi ba. 

Ta zame ta zaga bayan rumfa, inda ake tara ɓawo har ya zama tsauni, ta kira Manaja Pyo.

"Ranka ya daɗe, kai ka ce ko won ɗaya."

"Na ce, a lokacin. Ai ba ni na ƙara ba, 'yar'uwa, je ki gidan mai ki gani da idonki. Kuma yana cikin takardar, shafi na shida, can ƙasa. Ga sa hannunki."

Ta tuna shafin. Rubutu ne ƙanana kamar jerin tururuwa, kunya ta hana ta cewa ba ta iya karanta su ba.

"In ba a biya ba fa?"

"Ɗakuna su tafi, wani abu daga kuɗinku ma ya bi su. Ki faɗa wa tsofaffin kawai, mene ne a ciki?"

Mene ne a ciki. Lua ta tsaya wayar a hannu, iska na kaɗo mata warin ɓawo. Ta ga kanta tsaye gaban Iya Bongnye, baƙuwa daga wata ƙasa, mai uwa mara lafiya da kowa ya san ana aika mata kuɗi, tana cewa a kawo ƙari. Daga nan tunaninta ya tafi kan matar Deoksu, 'yar Kambodiya, wadda ta bar garin bara. Ko kora ce ko gudu, kowa da abin da yake faɗa. Abin da ba a musu a kai shi ne ɗanta yana hannun kakarsa. Wani lokaci akan ga matar a tsallaken titin makaranta, sanye da hula har ido, tana leƙen yaron ta cikin wayar shinge. Ba ta isa ta tsallako ba. A garin nan idan yarda ta ƙare, uwa ce ke tafiya, ɗa na gidan ubansa ne.

 Kafin ta koma ciki ta riga ta yanke shawara: za ta biya da kanta, ba wanda zai ji.

Tana da ɗan abin da ta ɓoye a cikin safa don maganin mahaifiyarta. Sauran kuma sai daga wuƙa. Matsalar ita ce ladanta kai tsaye yake shiga littafin banki, littafin kuma yana hannun surukarta. Da yamma ta jira kowa ya fita, ta matsa kusa da matar mai rumfa, wadda ke riƙe da sikeli.

"Uwar ɗakina, duk abin da ya haura kilo talatin, a riƙa ba ni a hannu."

Matar ta ɗago ta dube ta ta saman tabarau. "A hannu?"

"Kwana goma kawai."

"Inna ta sani?"

Lua ta sunkuyar da kai. Matar ta rubuta wani abu a takardarta.

Daga ranar Lua ta daina tashi cin abinci. Takan tura dunƙulen shinkafa a baki da hannun hagu, dama na kan wuƙa. Idan an tashi sai ta ce saura kaɗan ta ƙarasa tulinta, ta ruga ta tari motar makarantar Yerin, ta kai yarinyar gida, ta dawo ta ƙara awa biyu. Rana ta huɗu wuƙar ta zame ta huda safar hannu ta shige tafinta. Ta naɗe da tsumma, ta mai da safar a kai, ta ci gaba.

"Ke 'yar nan, aljanu ne suka hau ki?" in ji Gwaggo Malsun. "Ko kin ji an ce kawar teku za ta ƙare ranar Lahadi?"

Lua ta yi ɗan murmushi ba ta ɗago ba.

"Ku dube ta, ta rame kamar busasshen kifi. 'Yar Hadong, ba kya ba ta abinci ne?"

'Yar Hadong ta ci gaba da ɓara kamar ba ta ji ba. Ita da takan rama magana tun kafin ta faɗi ƙasa.

Sau uku Lua ta sake zagawa bayan tsaunin ɓawo tana roƙon Manaja Pyo ya ƙara mata kwanaki, murya ƙasa-ƙasa, hannu a kan baki. Ya ce ba a hannunsa yake ba. Ranar Litinin da ta juyo daga wayar ta ga 'Yar Goseong, maƙwabciyarsu, tsaye da bokiti a kusurwa, tana kallon teku kamar yau ta fara ganinsa.

Abin da tsoro ya mantar da Lua shi ne garin ya taɓa ganin irin wannan. Matar Deoksu ma haka ta fara. Ta daina cin abinci da mutane, ta nemi a riƙa ba ta lada a hannu, ta riƙa laɓewa tana waya da wani namiji. Tsofaffin rumfar ba su iya karanta ƙananan rubutu ba, amma wannan karatun sun haddace shi. Ga kuma fasfo a hannunta.

Ta fara lura da abubuwa ba tare da ta gane su ba. Idan ta shigo hira sai ta yanke. Surukarta ta daina aikenta kanti. Ranar Talata da yamma ta tarar da tsohuwar tana yi wa Yerin kitso, abin da ba ta taɓa yi ba, tana tambayarta, "In Mama ta ce zo mu je Busan, me za ki ce?" Da ta ga Lua a bakin ƙofa sai ta koma maganar ribbon gashi. Lua ta wuce kicin ta buɗe famfo, ta tsaya ruwa na zuba, ba ta wanke komai ba. A ranta ta ce sun gano maganar kuɗin. Ta ƙirga abin da ta tara. Ko ta kwana tana ɓara ba zai kai ba.

Laraba 'Yar Hadong ta ce bayanta na ciwo, ba za ta je rumfa ba. Ƙarfe huɗu da rabi Lua na tsaye a bakin titi, motar makaranta mai ruwan ɗorawa ta tsaya. Yara biyu suka sauko. Malamar ta kama ƙofa za ta rufe.

"Malama, Yerin fa?"

"A'a, ba ki sani ba? Ai kakarta ta zo da rana ta ɗauke ta. Ta ce za su Jinju wurin gwaggonta, sai an kwana biyu."

Lua ba ta san yadda ta isa gida ba. Ƙofa a kulle, ta buɗe da nata makullin. Ƙananan takalman ruwan hoda ba sa bakin ƙofa. Aljihun kayan Yerin rabinsa wayam. Buroshin haƙorinta babu, bargon da ba ta barci sai da shi babu. Ta ɗaga katifarta inda take ajiye gwangwanin biskit, shi ma babu. Ta kira wayar surukarta ta yi ta ringi. Ta kira ƙanwar mijinta a Jinju, aka ɗauka, ta ji muryar Yerin can nesa tana tambayar wane ne, aka kashe.

Ta zauna a ƙasa a tsakiyar ɗakin. Ko kuka bai zo ba. Tsallaken titin makaranta kawai take gani, da hular nan har ido.

Rana ba ta gama faɗuwa ba surukarta ta shigo ita kaɗai, da jakar zuwa unguwa a hannu. Ba ta cire takalmi ba.

"Inna, ina Yerin?"

"Tana inda take. Tashi, Iya Bongnye na jiranki a ɗakin taron tsofaffi."

Su goma sha biyu ne zaune a kan daɓe mai ɗumi, sun yi da'ira, an kashe talabijin. Gwangwanin biskit na tsakiya a buɗe. Lua ta durƙusa daga bakin ƙofa, surukarta ta wuce ta zauna can gefe tana kallon bango.

Iya Bongnye ta ce, "Fasfo sun cika, mun ƙirga. Naki ma yana nan. Yanzu tambaya zan yi miki, ki ba ni amsa. Wane ne mutumin?"

Lua ta buɗe baki. Duk yaren da ta shekara bakwai tana tarawa ya gudu ya bar ta.

"Na ji da kunnena," in ji 'Yar Goseong. "Muryar namiji ce. Tana cewa Busan, tana cewa Juma'a, tana cewa ka jira ni, kuɗin bai cika ba."

"Jaeman na can cikin teku yana shan sanyi."

"Dama shiru-shirun nan ai shi ne abin tsoro."

"Me aka rage ki da shi a gidan nan?" Wannan muryar surukarta ce, ba ta juyo ba. "In tafiya za ki yi, ga hanya. Amma yarinyar jininmu ce."

Kalmar nan ta ƙarshe ita ta motsa ta. Ta zaro waya, ta nemo saƙon, ta rarrafa da gwiwa ta ajiye gaban Iya Bongnye, ta ja da baya.

Iya Bongnye ta ɗauka ta nisanta da fuskarta, ta matso da ita, ta sake nisantawa. "Wa ya zo da tabarau?" Aka yi ta lalube a aljihu. A cikin mata goma sha uku guda ɗaya aka samu, na Gwaggo Malsun, ƙafarsa ɗaya ɗaure da zare. Ita ta karanta, a hankali, kamar mai tsince ƙaya daga kifi. Da ta zo kan won dubu casa'in ta tsaya ta sake maimaitawa.



"Ƙari," in ji wata daga baya.

Iya Bongnye ta ce, "Saƙon waya kowa na iya rubutawa. Kira shi. Ki sa yadda duk za mu ji."

Lua ta latsa. Wayar ta yi ringi sau biyar. In bai ɗauka ba shi ke nan. A na shida muryarsa ta cika ɗakin, da alama yana tauna wani abu.

"Haba 'yar'uwa, na faɗa miki ba zan iya ɗaga Juma'a ba. Ki daina wahalar da kanki, mutum ɗaya ba ya biya wa mutum goma sha huɗu. Ki faɗa wa kakannin nan mana, ai ba cinye ki za su yi ba."

"Ita ce muryar," in ji 'Yar Goseong a hankali.

Gwaggo Malsun ta fizge wayar. "Kai ɗan nan! Wa kake kira kakanni? Kai ne mai cewa ko won ɗaya? Jirgin naku mai yake sha ko giya?"

"Gwaggo, ki yi haƙuri, farashin duniya ne..."

"Duniyar gidanku! Ka sa yarinya ta kusa yanke hannunta, kana can kana cin taliya!"

Nan take ɗakin ya rikice. Wannan na cewa ba za ta ƙara ko sisi ba, a dawo mata da kuɗinta. Waccan na cewa ta riga ta sayi hula da jaka, ko a ƙafa ne sai ta je Japan. 'Yar Goseong, wadda har yanzu ba ta iya kallon inda Lua take ba, ta ce jirgin ɗanta mako uku ke nan yana ɗaure a bakin ruwa, don abin da zai kamo ba ya mai da kuɗin mai. "In ƙaramin jirgi ya ji a jikinsa, mai hawa goma sha biyu fa?" Aka hau musu a kan ko jirgin shaƙatawa ya fi na kifi shan mai, kowa da ɗanta ko mijinta da ya faɗa mata.

Lua ta ciro ambulan daga cikin rigarta ta tura tsakiya. Tsumman hannunta ya jiƙe ya yi baƙi. Iya Bongnye ta dubi ambulan, ta dubi hannun, ta sa yatsa ɗaya ta mayar mata.

"Ɗauke. Mabarata kika mai da mu? Mu da muka tsufa da warin mai a kayan mazanmu, mu za ki ɓoye wa tsadarsa? Gobe kowa ta zo da nata, wadda ba za ta iya ba ta same ni a gida. Ke kuma wauta ce ke damunki. Da kin yi magana tun ranar farko, zagi ɗaya za ki sha ki wuce."

Lua ba ta ɗauki ambulan ɗin ba. Ta juya inda surukarta take.

"Inna. Yerin."

Musun ya tsaya. 'Yar Hadong ta daɗe tana gyara bakin zanen siket ɗinta. Ba a taɓa jin tsohuwa ta ba surukarta haƙuri a gaban mutane ba a garin, kuma ranar ma ba a ji ba. Ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙyar, ta ce, "Ana sanyi. Mu tafi."

A hanya tsohuwar na gaba, Lua na binta da taku biyu. Suka wuce kantin kayan kamun kifi, suka wuce jiragen da ke ɗaure suna karo da juna.  Ba ta san ko an riga an aika wa Jaeman labari ba. Ba ta san me aka faɗa wa Yerin a cikin mota ba. Tana so ta sake tambaya, tana tsoron amsar.

Sai da suka zo ƙofar gida, tsohuwar na laluben makulli, ta yi magana ba ta waiwayo ba.

"Ta ƙi cin abinci a can. Wai ƙwan gwaggonta ba irin naki ba ne." Makullin ya ƙi shiga, ta sake gwadawa. "Motar farko bakwai saura kwata take tashi. Zan kira su in ce kina zuwa. Ni bayana ba zai iya tafiya biyu ba."

Da suka shiga ta ɗauko kwalbar maganin ciwo ta ajiye a kan tebur, ta wuce ɗakinta ta ja ƙofa.

Washegari Lua ba ta sa takalmin roba ba. Ta soya ƙwai biyu ta naɗe su ta yanka, ta zuba a ɗan kwanon makaranta. Ta ɗauki rigar sanyin Yerin da aka manta a bayan ƙofa, ta gangara tasha tun shaguna ba su buɗe ba. Shekara bakwai ba ta taɓa fita daga garin ita kaɗai ba. A wurin sayen tikiti ta ce Jinju, mai sayarwar ta ce ba ta ji ba, ta matso da bakinta kusa da gilashin ta sake faɗa. Ta zauna a kujerar da ke bayan direba, kwanon a kan cinyarta, ta riƙe shi da hannu biyu don kada ya huce kafin su isa.